3.3 Matakan Raba Shari'a da Mulki a Arewacin Nijeriya, 1903 zuwa 1979

A sashen da ya gabata an nuna cewa a Daular Sakkwato ba a ɗauki mulki da addini a matsayin abubuwa biyu ba. Tun daga mubaya'ar da aka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Gudu a shekarar 1804, halaccin shugaba ya rataya ne a kan tsayar da shari'a, kamar yadda littattafai irin su Kitabul Farƙi na Shehu da Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi suka bayyana. Wannan sashe zai duba yadda aka raba su. Ra'ayin da ya yaɗu shi ne Turawa ne suka yi wannan aiki a rana ɗaya, amma tarihi ya nuna cewa mataki-mataki aka bi, kuma mataki mafi girma ba a hannun Bature aka ɗauke shi ba.

Mataki na farko ya zo ne bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903. Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin jama'a ba, kuma ya bar alƙalai da majalisun sarakuna suna hukunci da mazhabar Malikiyya, har a kan laifin kisan kai. Sai dai ya canza tushen ikon. Daga wannan lokaci Gwamna ke naɗa sarki, shi ke tuɓe shi, kotun alƙali kuma da takardar izinin Razdan take zama. An hana yanke hannu da jifa, an kuma ba Razdan damar duba hukunci ya soke shi. Wato shari'a ta ci gaba da aiki, amma da yardar wata hukuma da ba ta ƙarƙashinta.

Wannan zaman doya da manja ya fito fili a shekarar 1947, a ƙarar Tsoho Gubba da En'e ta Gwandu. Majalisar Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa, domin a Malikiyya fushin da tsokana ta jawo ba ya rage nauyin kisan ganganci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar Turawa irin wannan laifi bai kai na kisa ba. Sarakuna da alƙalai sun nuna rashin jin daɗi, domin sun fahimci cewa idan dokokin biyu suka yi karo, tasu ce za ta ja baya.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci. Da 'yancin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu da Kiristocin Arewa sun kai kukansu gaban Hukumar Wilinki, wadda ta yi aiki daga 1957 zuwa 1958. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan, sannan ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Sakamakon haka aka samar da kundin dokokin laifuka wanda aka fi sani da Final Kod, ya fara aiki a 1960. Kundin ya riƙe wasu abubuwa na Musulunci, kamar haramta giya da zina, amma ikonsa daga majalisar dokoki ya fito. Aka bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a al'amuran aure da gado da wasiyya da waƙafi. Sardauna ya karɓi wannan ne a matsayin farashin haɗa kan Arewa, ba don ƙin addini ba.

Mataki na uku ya zo a zamanin soja, daga 1967 zuwa 1968, lokacin da aka rushe kotunan sarakuna, aka mayar da alƙalai ma'aikatan gwamnati. Da haka sarki ya rasa gadon hukunci, wanda shi ne ginshiƙin sarautarsa tun zamanin jihadi.

Saboda haka, lokacin da wakilai Musulmi suka fice daga Majalisar Tsara Tsarin Mulki a watan Afrilu na 1978 a kan batun kotun shari'a ta tarayya, rikicin ba sabo ba ne. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1979 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, amma tsarin ya amince da kotunan shari'a a jihohi. Kiristoci sun karanta shi a matsayin raba addini da mulki, Musulmi kuwa suka ce rashin fifita wani addini kawai yake nufi. Wannan saɓanin fassara ne ya sake tasowa a 1999, lokacin da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, kamar yadda za a gani a babi na huɗu.