Irin Giya a Wurin Maguzawan Kudancin Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fitar da Turancinsa a 1908, ya lissafa manyan mutanen Barbushe da sana'o'insu, har ya ce Bugazau shi ne mai dafa giya. Ashe sana'ar ta girmi sarautar Bagauda. Bayan jihadi ya ci Kano a 1807, an bar Maguzawa bisa al'adunsu suna biyan jiziya, giya kuwa ta zauna a gidajensu na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada har zuwa Doguwa, ana shanta wajen gayya da biki da tsafi.

Aikin na mata ne. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dama a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, sa'an nan a sake dafawa. To, nan gizo ke saƙar, domin dahuwa ta biyu tana kashe duk wani abu mai rai da ke cikin ruwan. In ba a sa masa iri ba, sai abin da iska ta kawo, ko ya yi daɗi ko ya lalace. Saboda haka mai dahuwa takan rage abin da ya kwanta a gindin tulun giyar da ta wuce, ta jira ruwan ya huce tukuna ta zuba. In ta yi garaje ta zuba da zafi, irin ya mutu, dawarta da itacenta sun tafi a banza. Tulun ma yana taimakawa, gama yumɓu yana da ƙananan ƙofofi inda irin ke maƙalewa. Wadda nata ya mutu sai ta aika maƙwabta, kamar mai ɗibar wuta.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne kalmar yisti baƙuwa ce, daga Turanci aka aro ta, ta bazu tare da burodi. Hausa ta tsaya ga abin da ido ke gani, watau kumfa da tsami da tashi. Turawa ma haka suka daɗe, sai a 1876 Pasteur ya buga littafinsa kan giya, a 1883 kuma Hansen ya ware iri guda tsantsa a masana'antar Carlsberg ta Denmark.

Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, hankalinsa yana kan iskoki da tsafi ne. Iri kuwa ba ya jiran marubuci, gidan da ya bar dahuwa nasa ya ƙare. Musulunta da shiga Kiristanci sun rage masu yi, shari'ar da Kano ta ƙaddamar a 2000 ta hana sayarwa a fili, sauran sanin yana wurin tsofaffin mata.