Yaro mai ciwon sukari da banɗakin makaranta: abin da ya kamata a sani

A makarantun firamare irin na Dudunni, a ƙaramar hukumar Kusada ta jihar Katsina, ɗalibi ba ya fita daga aji sai da izinin malami. Ga yaro mai ciwon sukari, lafiyarsa na rataye da wannan izini.

Ciwon da ya fi kama yara shi ne nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina samar da sinadarin insulin. Idan sukarin jini ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita, ƙoda ba ta iya mayar da shi duka, sai ya bi fitsari, ya ja ruwa tare da shi. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa ke tasowa. Yaron da aka hana fita yakan rage shan ruwa don gudun kunya a gaban 'yan ajinsu, kuma ƙarancin ruwa na ƙara tsananta ciwon, musamman a zafin bazara. Idan amai da numfashi sama-sama suka biyo baya, lamarin ya zama na gaggawa, sai a garzaya da shi asibiti, kamar babban asibitin Kankiya. Yawan neman izinin fitsari kuma kan zama alamar farko ga yaron da ba a riga an gano ciwonsa ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta amince da haƙƙin yaro ga lafiya da ilimi, Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan umarni mai lamba 009 na kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. A Ingila, dokar 2014 ta ɗora wa makarantu nauyin kula da ɗalibai masu larura, kuma ƙa'idar gwamnati a can ta bayyana hana su ci, ko sha, ko zuwa banɗaki a matsayin abin da ba a yarda da shi ba.

Ginin ajujuwa da banɗakuna a firamaren gwamnati yana hannun hukumar SUBEB ta jiha da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, kwamitin kula da makaranta kuma shi ke magana da yawun iyaye. Abin da za a tambaye su a fili yake: akwai banɗaki mai ƙofa da ruwa, na maza daban na mata daban? A buɗe yake ko a kulle?

Ragowar aikin ba ya cin ko sisi. Iyaye su sanar da hedimasta da takardar likita, a ba yaron izini na dindindin na fita da riƙe gorar ruwa a aji, har a lokacin jarrabawa.