Shirin Kareliya ta Arewa

Shirin Kareliya ta Arewa suna ne na wani aikin gayya da hukumomin lafiya da jami'a da ƙungiyoyin mata da manoma da masu masana'antar abinci suka ɗauki shekara 25 suna yi a wani lardi na gabashin ƙasar Finlan, da niyyar rage yawan mazan da ciwon zuciya yake ɗaukewa tun suna tsakiyar ƙarfinsu. Masu riwayar tarihinsa sun yi saɓani a kan mas'ala biyu, wato shekarar da ya fara da kuma wanda ya cancanci a jingina wa nasararsa, kuma da yake galibinsu sun taƙaita labarin a kan likita guda ɗaya, ya zama wajibi a jera al'amarin bisa tertibinsa, a ba kowace ƙungiya haƙƙinta.

Lardin yana kan iyaka da Rasha, babban birninsa Joensuu, mutanensa kuwa a wancan zamani ba su wuce kimanin 180,000 ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Finlan ta sallama wa Tarayyar Sobiyet wani yanki na Kareliya, gwamnati ta yanka wa tsofaffin sojoji da waɗanda suka yi hijira filaye a cikin daji, suka sare itatuwa, suka kama kiwon shanun madara, domin ƙasar tana da tsananin sanyi, ba kowace shuka take karɓa ba. Daga nan abincin yau da kullum ya zama man shanu da madara mai kauri da nama mai kitse da gishiri mai yawa, ganye kuwa ana ganinsa abincin dabbobi ne, ga kuma taba da maza suka koyo a fagen daga. Binciken Ƙasashe Bakwai, wanda Ancel Keys na Amurka ya jagoranta daga 1958, Martti Karvonen kuma ya riƙe ɓangaren Finlan, shi ya tabbatar da abin da matan lardin suka riga suka sani daga yawan takaba, cewa a duk wuraren da aka auna babu inda ciwon zuciya yake kisa kamar gabashin Finlan.

Game da shekarar farawa, mafi yawan littattafai suna cewa 1972, alhali kuwa hujja ta fi ƙarfi ga wanda ya ce 1971, saboda a watan Janairu na wannan shekara ne gwamnan lardin, Esa Timonen, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin da shugabannin ƙungiyoyi suka sa hannu a takardar koke a Joensuu, suna roƙon gwamnatin ƙasa ta kawo musu ɗauki cikin gaggawa. Wannan takarda ita ce asalin komai, domin ita ta nuna cewa jama'a ce ta nemi magani da bakinta, kuma da a ce daga Helsinki aka aiko da umarni, da wuya manomin da rayuwarsa ta rataya a kan madara ya saurara. Ƙungiyar Zuciya ta Finlan ta karɓi koken, ta tara masana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, aka tsara aikin, sannan a 1972 aka damƙa ragamarsa ga Pekka Puska, matashin likita wanda bai cika shekara talatin ba. Aka yi muwafaƙa kuma, a wannan shekarar ce dokar kiwon lafiyar jama'a ta kafa cibiyoyin lafiya a ƙananan hukumomi, shirin ya sami gidajen da zai sauka.

Abu na farko da aka yi shi ne awo. An binciki fiye da mutum 10,000 a Kareliya ta Arewa da lardin Kuopio da ke maƙwabtaka da ita, wanda aka ajiye don kwatantawa, aka tarar kashi 52 cikin 100 na mazan Kareliya suna shan taba, maiƙon jininsu da likitoci ke kira kolestarol ya kai 6.9 a ma'aunin asibiti, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a man shanu suke shafa wa burodi. Aka ƙudura a fuskanci illoli uku, taba da maiƙon jini da hawan jini, aka kuma yanke wata shawara wadda a lokacin baƙuwa ce ga likitoci, cewa tun da kusan kowa yana cikin haɗari, to, lardin dukansa ne majinyaci, ba za a tsaya jiran wanda ya faɗi a kawo shi asibiti ba.

A nan ne ya kamata mai tarihi ya dakata, domin shekaru biyar na farko su ne zuciyar al'amarin, kuma a cikinsu babu ƙungiyar da ta kai Martta tasiri. Ƙungiya ce ta matan gida wadda Lucina Hagman ta kafa tun 1899 don koyar da tattalin gida, tana da rassa har cikin ƙauyukan da likita ba ya zuwa sai da dalili. Masu shirin sun fahimci cewa namijin da ake so ya rage kitse ba shi yake riƙe da tukunya ba, saboda haka suka haɗa kai da matan nan aka riƙa shirya walimar da suka kira ta tsawon rai, inda ake tara mutanen ƙauye da yamma, ma'aikacin lafiya ya yi gajeriyar nasiha, sannan a ci abincin gargajiya wanda aka dafa da ɗan kitse kaɗan da kayan lambu da yawa, kowa ya ɗanɗana da harshensa ya tabbata cewa daɗin bai tafi ba. Suka wallafa littafin girki, suka gyara tsofaffin girke-girken lardin ba tare da sun kore su ba, wanda a ganina shi ne mafi hikimar abin da aka yi a shirin gaba ɗaya. Ban da su, an zaɓi ɗaruruwan mutanen da ake jin maganarsu a ƙauyuka aka horar da su, ma'aikatan jinya suka buɗe rajistar masu hawan jini suna bibiyarsu, aka shiga makarantu da wuraren aiki da kantuna, aka lallashi masu gasa burodi su rage gishiri, masu sarrafa madara su fito da mai ƙarancin maiƙo.

Ba a yi wannan cikin ruwan sanyi ba. Wanda ya san matsayin nono da man shanu a rugar Fulani zai gane nauyin a ce wa makiyayi abin da yake tinƙaho da shi, yake kuma ciyar da iyalinsa da kuɗinsa, shi ne yake toshe masa jijiya, balle a ƙasar da a lokacin ake biyan manomi gwargwadon maiƙon madararsa. Masu masana'antar madara sun yi turjiya, har a ƙarshen shekarun 1980 aka yi zazzafar muhawara a jaridun ƙasar a kan kitse. Abin yabo shi ne masu shirin sun ɗauki maslahar manomi da muhimmanci, suka nema masa mafita: a tsakiyar shekarun 1980 aka kafa shirin taimaka wa masu kiwo su koma noman ƙananan 'ya'yan itace irin na ƙasar sanyi, aka kuma bunƙasa man kanola da ake nomawa a cikin gida, ta yadda wanda ya bar man shanu ba sai ya dogara da man da aka shigo da shi daga waje ba.

Wa'adin farko ya cika a 1977, daga nan aka faɗaɗa aikin zuwa ƙasa baki ɗaya. Dokar taba ta 1976 ta hana talla, talabijin ta ƙasa ta riƙa nuna mutane suna barin taba a idon jama'a, ƙauyuka suka yi gasar rage maiƙon jini a 1991 da 1997, aka kuma rufe shirin a hukumance a 1997. Ya zuwa 1995 mutuwar ciwon zuciya a tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da kashi 73 cikin 100 a lardin, da kashi 65 a ƙasar duka, masu shan taba a cikin mazan lardin kuma suka sauko zuwa kashi 31 a 1997.

Mas'ala ta biyu ta taso ne daga waɗannan alƙaluma. Mutuwar ta ragu a Kuopio ma, inda ba a yi shirin ba, har Jukka Salonen, wanda yana cikin masu binciken tun farko, ya fito a mujallar Lancet a 1987 yana tambaya ko shirin ne ya jawo raguwar. Tambaya ce ta adalci, bai kamata a share ta ba kamar yadda wasu masu yabo suke yi. Sai dai Kuopio ba tsibiri ba ce: jarida ɗaya da talabijin ɗaya suke shiga lardunan biyu, jami'ar da ke kula da binciken ma a Kuopio take, bayan 1977 kuwa da gangan aka yaɗa saƙon ko'ina. Abin da ya fi kusa da yanke hukunci shi ne lissafin da Erkki Vartiainen da abokansa suka buga a 1994, wanda ya nuna cewa daga raguwar kashi 55 da aka gani ga maza tsakanin 1972 da 1992, sauyin taba da maiƙon jini da hawan jini kaɗai ya isa ya bayyana kashi 44, maiƙon jini kuma shi ne kan gaba. Ra'ayin da ya fi rinjaye a wurina shi ne sauyin abinci ne ya ceci rayukan, shirin kuma shi ya fara tura shi, amma ba a iya raba rabon kowace ƙungiya da awo.

Motsa jiki bai shiga manufofin farko ba, sabili da masu saran katako da manoma ba su da ƙarancinsa. Sai da injuna suka karɓe aikin daji, mutane suka koma zaman ofis da mota, sannan aka waiwaye shi: aka buɗe cibiyar binciken motsa jiki da lafiya ta UKK a Tampere a 1980, a 2001 kuma Jaakko Tuomilehto, wani tsohon ma'aikacin shirin, ya buga binciken da ya nuna cewa gyaran abinci tare da motsa jiki ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke bakin kamuwa. A wannan shekarar Puska ya koma hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeneba, inda ya shugabanci sashen rigakafin cututtukan da ba a ɗauka daga wani, a watan Mayu na 2004 kuma babban taron hukumar ya amince da tsarin duniya na abinci da motsa jiki da lafiya.