Teatro La Fenice

Teatro La Fenice gidan wasan opera ne da ke unguwar San Marco a birnin Venice na ƙasar Italiya. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa tare da kiɗa. Sunan gidan ya samo asali ne daga wani tsuntsu na almarar Turawa, wanda ake cewa yakan ƙone ƙurmus sannan ya sake tasowa daga tokarsa. Gobara ta cinye gidan sau biyu, a 1836 da 1996, kuma duk an sake gina shi a inda yake.

Kafuwa

Wata ƙungiyar attajirai da masu sarauta ce ta gina shi. A da suna da gidan wasa na San Benedetto, wanda ya ƙone a 1774. Bayan sun sake gina shi sai suka yi shari'a da dangin Venier, masu filin, aka kayar da su, dole suka bar wurin. Daga nan suka sa gasar zanen sabon gini, Giannantonio Selva ya lashe. An fara aiki a 1790, aka buɗe gidan ranar 16 ga Mayu, 1792, da wasan I giuochi d'Agrigento na Giovanni Paisiello.

A ƙarni na 19 gidan ya yi suna wajen fara nuna sabbin wasanni. A nan aka fara nuna Tancredi da Semiramide na Rossini, da kuma ayyukan Bellini da Donizetti. Giuseppe Verdi kaɗai ya ƙaddamar da wasanni biyar a cikinsa daga 1844 zuwa 1857, ciki har da Rigoletto da La traviata.

Tsarin gini

Filin da Selva ya samu matsattse ne, gidaje da magudanan ruwa sun kewaye shi. Saboda haka fuskar ginin ba ta da girma. Ginshiƙai huɗu ne irin na tsohuwar Girka a bakin ƙofa, da tambarin tsuntsun a sama, tana kallon ɗan dandalin San Fantin. Akwai kuma ƙofa ta biyu a bakin ruwa, inda masu hali ke sauka daga kwale-kwale, domin a Venice ruwa ne titi.

Ƙawar tana ciki. Zauren kallo yana da siffar kofaton doki, kewaye da hawa biyar na wuraren zama, galibinsu ƙananan ɗakuna. A da iyalai ne suka mallaki ɗakunan nan, kuma kuɗinsu ne ya riƙe gidan. Ɗakin sarki, wanda ke fuskantar dandamali, an samar da shi ne sakamakon ziyarar Napoleon a 1807.

Gobara biyu

A Disamba 1836 wuta ta tashi daga wata na'urar ɗumama ɗaki, ta cinye zauren. 'Yan'uwa biyu, Tommaso da Giovanni Battista Meduna, suka sake gina shi cikin shekara guda, aka buɗe ranar 26 ga Disamba, 1837. Adon ruwan zinare da aka san zauren da shi ya fito ne daga gyaran da Giovanni Battista ya yi a 1854.

Ta biyun ta fi muni. A daren 29 ga Janairu, 1996, lokacin da gidan ke rufe ana gyare-gyare, wuta ta tashi, rufin ya rufta, bai rage ba sai bangaye da wani sashe na gaba. An yi rashin sa'a an janye ruwan magudanan da ke kusa domin yashe su, abin da ya wahalar da 'yan kwana-kwana ƙwarai. A 2001 kotu ta samu wasu ma'aikatan lantarki biyu da laifin cinna wutar. Kamfaninsu ya makara da aikin da aka ba shi, suna gudun biyan tara.

Hukumomin birnin suka yanke shawarar a mayar da gidan yadda yake, a inda yake, kamar yadda aka yi wa hasumiyar San Marco bayan ta rushe a 1902. An bi zanen Aldo Rossi, wanda ya rasu a 1997 bai ga aikin ba, kuma rigimar kwangila ta ja lokaci. Masu ado sun dogara da tsofaffin hotuna, har da farkon fim ɗin Senso na Luchino Visconti na 1954, wanda aka ɗauka a cikin zauren. Aikin ya ci kimanin Yuro miliyan 90, aka kuma ƙara kujeru zuwa wajen 1,000.

An sake buɗe gidan ranar 14 ga Disamba, 2003, Riccardo Muti ya jagoranci makaɗa. Opera ta dawo a Nuwamba 2004 da La traviata. Ra'ayi ya rabu a kan sabon zauren: wasu sun yaba, wasu kuwa sun ce launukan sun cika ƙyalli, kuma da an yi ginin zamani da ya fi kwaikwayon na da. Tun 2004 ake yin kiɗan Sabuwar Shekara a gidan, wanda gidan talabijin na Rai ke watsawa.