Shuka a ƙasa mai riƙe ruwa: tarihin manyan gonakin alkama na kwarin Kogin Red

A wajen manomin gero, damina tana buɗewa ne ranar da sama ta zubar da ruwan shuka. Akwai kuwa wasu manoma a tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa waɗanda addu'arsu a lokacin shuka ita ce ƙasa ta bushe. Su ne manoman kwarin Kogin Red, wanda ya raba jihohin Minnesota da Dakota ta Arewa a Amurka, ya tsallaka lardin Manitoba na Kanada, ya zube a tafkin Winnipeg. Tarihinsu na shekara 150 ya cancanci nazari, domin yana nuna yadda ɗan Adam ke faɗaɗa gona da na'ura, alhali kwanakin da Allah ya yanka wa shuka suna nan yadda suke.

Asalin matsalar a jikin ƙasar yake. Kwarin nan gindin wani tsohon tafki ne, mai suna Agassiz, wanda ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar baƙar laka mai albarka, shimfiɗe kamar faifai. Kogin ya yi tafiyar kilomita 880 da ɗoriya, amma gangararsa duka ba ta wuce mita 70 ba. Ga shi kuma arewa ya dosa. Idan hunturu ya fara sauka a watan Afrilu, dusar ƙanƙara takan fara narkewa a kudu, ruwan ya taho ya iske arewa a daskare, sai ya bazu cikin gonaki. Tun a shekara ta 1826 ambaliya ta share matsugunin Turawan farko da suka zauna inda birnin Winnipeg yake a yau.

Manomi kuma ba shi da damar jira yadda ya so. Tsakanin sanyin ƙarshe mai kashe tsiro da sanyin farko na kaka, kwana ɗari ne da ƴan kai. In ya jinkirta, sanyi ya riski alkama ba ta nuna ba. In ya yi garaje ya shiga laka da danshinta, nauyin dabba ko na inji ya danne ta, ta bushe ta yi tauri kamar tubali, saiwa ta kasa ratsawa, iri kuma ya ruɓe.

Manyan gonaki sun samo asali ne daga karayar arziki. A shekara ta 1873 kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific ya faɗa cikin bashi, masu hannun jari suka karɓi filayensa a madadin takardunsu. Biyu daga cikin manyansa, George Cass da Benjamin Cheney, suka ɗauki wani manomi, Oliver Dalrymple, ya riƙe musu gona kusa da Casselton a 1875. Ya fara da kimanin hekta 500, daga baya abin da ke hannunsa ya haura hekta dubu goma. Aka laƙaba wa irin waɗannan gonaki suna "bonanza", wato garaɓasa. Dabararsu game da ƙarancin lokaci ita ce yawa: ɗaruruwan dawaki da alfadarai, ɗaruruwan ƴan ƙwadago da ake ɗauka don shuka a sallame su bayanta, da injinan shuka jere a sahu kamar rundunar yaƙi. An karkasa gona yanki-yanki, kowane da shugabansa, don a gama kafin sama ta sake zuba. Faɗuwar farashin alkama da hauhawar haraji suka sa aka riƙa sayar da su gunduwa-gunduwa daga shekarun 1890, amma tunaninsu bai mutu ba.

Mafita ta biyu daga iri ta fito. Alkamar da aka saba da ita, Red Fife, tana jinkirin nuna. Wani masani a Ottawa, Charles Saunders, ya zaɓo wani sabon iri daga barbarar Red Fife da wata alkamar Indiya, har yakan tauna ƙwayar don ya gane ingancin garinta. Ya sa masa suna Marquis, aka fara raba shi ga manoma a 1909. Yana riga tsohon irin nuna da kimanin mako guda, kuma wajen 1920 ya mamaye kusan dukan gonakin alkama na yammacin Kanada. Ga wanda ruwa ya tsare a bakin gona, mako guda shi ne tsakanin rumbu cike da rumbu wayam.

Mafita ta uku ita ce a kori ruwan. Manitoba ta kafa dokar yashe filaye a 1895, aka haƙa magudanai masu tsawon dubban kilomita, fadamu suka koma gonaki. Sai dai ruwan da aka kora daga wata gona bai ɓace ba, gaba ya yi, kuma da sauri. Rigima tsakanin na tudu da na gangare ta zama abin gado a kotuna da majalisun ƙauyuka. A 1950 kogin ya cika ya tilasta wa mutum kusan dubu ɗari barin Winnipeg. Shugaban gwamnatin lardin, Duff Roblin, ya jure ba'ar ƴan adawa ya sa aka haƙa wata babbar hanyar ruwa mai kilomita 47 da ke zagaye birnin, aka kammala ta a 1968. Ita ce ta ceci Winnipeg a ambaliyar 1997, shekarar da garin Grand Forks na Amurka ya nutse, gonakin kudancin Manitoba kuma suka zama teku. A 2011 hukuma da kanta ta fasa wani shingen Kogin Assiniboine, ta saki ruwa cikin gonaki don ta kare gidaje masu yawa a gaba. A nan tambayar ta tashi daga fagen noma ta koma ta adalci: gonar wa za a ba ruwa?

Injinan zamani sun kai inda Dalrymple bai yi mafarki ba. Mutum guda da tarakta da injin shuka mai hura iri da iska yana iya rufe ɗaruruwan hekta a yini. Amma gwargwadon girman inji, gwargwadon nauyinsa, kuma laka ba ta san tsadarsa ba. A shekarun ruwa an ga manoma suna watsa irin kanola daga jirgin sama don sun kasa taka gonar. A 2010 miliyoyin hekta sun kwana ba shuka a yammacin Kanada, har gwamnatoci suka biya manoma dala 30 a kan kowace eka. A 2019 kuma filin da ruwa ya hana shukawa a Amurka ya kusa hekta miliyan takwas. Shi ya sa inshorar amfanin gona ta zama ginshiƙi a can, tana da ranar da aka yanke: wanda bai yi shuka kafin ta ba, lissafinsa ya sauya.

Abin da malami zai iya ɗauka ya kai wa ɗalibansa shi ne, cikin dabarun nan huɗu, wato yawan hannu, iri mai saurin nuna, magudana da inshora, babu wadda ta ƙara wa lokacin shuka ko da yini guda. Kowace ta taimaka ne wajen rage asara ko raba ta tsakanin jama'a. Mai hekta dubu biyar a Manitoba har yanzu yakan fita da safiyar watan Mayu, ya dunƙule ƙasa a tafin hannunsa, ya sake ta. In ta warwatse, ya tada inji. In ta tsaya curi, ya koma gida ya jira gobe.