Final Kod ɗin da kuke haddacewa, daga ina ta fito?

1/ Ɗaliban shari'a na Kongo, BUK, UDUS da sauransu, ku matso. Da yawanku za su kawo sashe na 221 na Final Kod da ka, amma a tambaye su wa ya rubuta dokar kuma me ya sa, sai shiru. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Mu fara da Tsofo Gubba. Ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin.

3/ Hujjarta? Wai a Kiriminal Kod, wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi. Ita kuwa Kiriminal Kod ɗin nan, Lugga ne ya kawo ta Arewa a 1904, an kwafo ta daga dokar Queensland ta Ostireliya, sannan a 1916 ta game Najeriya duka.

4/ Kun ga matsalar ko? Laifi ɗaya, gari ɗaya. A gaban alƙali ranka ne, a gaban joji ɗauri ne. Sarakuna suka fusata, aka yi ta gyaran doka ana warwarewa fiye da shekara goma.

5/ Ga 'yancin kai ya ƙarato. Ƙananan ƙabilu sun kai kukansu gaban Hukumar Willink kan kotunan alƙalai, Ingila kuma ta matsa. Sai gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958: Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, shi ne shugaba; akwai Muhammad Sharif daga Pakistan, Farfesa Anderson daga Landan, da namu irin su Shettima Kashim da Peter Achimugu.

6/ Shawararsu: a ɗauko dokar Sudan. To ita ta Sudan ta 1899 jikar wa ce? An gina ta a kan dokar Indiya ta 1860, wadda Macaulay ya tsara daftarinta. Wato abin da alƙalin majistare ke karantawa a Gyaɗi-Gyaɗi yau, tushensa Kalkata. An zaɓe ta ne don ƙasashen da Musulmi suke da yawa sun riga sun zauna da ita, sai ta fi sauƙin haɗiya.

7/ Majalisa ta amince a 1959, ta fara aiki 30 ga Satumba 1960, jajibirin 'yancin kai. Daga ranar, hukuncin laifuka ya fita daga littattafan fiƙihu ya koma kundi. Aure, saki, gado kuwa aka bar su, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

8/ Sulhu ne fa, kuma tabonsa na nan a jikin dokar. Sashe na 387 da 388 sun hukunta zina, 403 ya hukunta Musulmin da ya sha giya, ga bulalar haddi. A Kudu kuwa, shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 ta ce zina ba laifi ba ce tunda ba rubutacciyar doka. Wanda bai san 1958 ba, bambancin nan haddarsa kawai zai yi.

9/ Haka batun Zamfara. Me ya sa a 2000 sai da aka rubuta kundin laifuka na Shari'a, ba a ce alƙali ya buɗe Mukhtasar kawai ba? Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999: ba a hukunta mutum sai da laifin da ke rubuce. Sharaɗin nan tun tsarin mulkin 1960 yake.

10/ Ni dai a ganina kwas ɗin tsarin shari'ar Najeriya na aji biyu ya yi kaɗan, mako biyu an wuce tarihin. Masu neman taken furojet, Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa duk suna Kaduna, daga Zariya mota ɗaya ce. Ku nemi fayilolin kotunan En'e na shekarun 1950, ku ga yadda alƙalai da Razdan suka riƙa ja-in-ja kan shari'ar kisa.