Wasannin Guje-guje na Yara a Lafiya: Ire-irensu da Yadda Ake Yin Su

Wasan guje-guje, inda yaro ɗaya ko ƙungiya ke bin sauran yara da gudu domin a taɓa su ko a kama su, yana cikin tsofaffin wasannin dandali a ƙasar Hausa. Ba ya buƙatar ƙwallo ko takalmi, fili da abokan wasa kawai yake so. A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun da aka ƙirƙiro ta ranar 1 ga Oktoban 1996, wasan yana haɗa 'ya'yan Barebari, Eggon, Alago, Gwandara, Migili, Fulani da Hausawa a fili guda, kuma galibi da Hausa ake shimfiɗa dokokinsa, domin ita ce harshen da ya haɗa unguwannin garin. Sunaye da ƙa'idoji kan sauya daga gari zuwa gari, amma ginshiƙan wasan ba su sauyawa.

Ginshiƙan wasan

Abu uku ake daidaitawa kafin a fara. Na farko shi ne wanda zai yi bin, wanda a wurare da dama ake kira kura ko dodo. Ana fitar da shi ta hanyar ƙuri'a, misali a ɓoye tsakuwa a hannu ɗaya a ce a canka. Na biyu shi ne wurin sha, wato bango, bishiya ko turmin da duk wanda ya taɓa shi ya tsira. Idan yaro ya isa can sai a ce ya sha. Na uku shi ne iyakar fili, don kada wasan ya watsu zuwa titi ko cikin gidajen mutane.

A mafi sauƙin nau'i, kura na bin kowa, wanda ta taɓa kuwa shi ne sabuwar kura. Yara kan ƙara sharaɗin cewa ba a rama taɓi nan take, don kada mutum biyu su mamaye wasan.

Ɓuya

A nan mai nema yana kifa fuskarsa a wurin sha, ya rufe ido, sauran su ɓuya. Da zarar ya fita nema, wurin sha ya zama babu mai gadi, sai waɗanda suka ɓuya su riƙa fitowa da gudu. Wanda aka taɓa kafin ya sha, shi zai rufe ido a zagaye na gaba. Gwanin nema ba ya nisa da wurin sha, gwanin ɓuya kuma yana haƙuri har sai mai nema ya juya baya. Wannan ne wasan da ya fi armashi a daren farin wata.

Ɗan akuyana

Yara na riƙe hannun juna su yi da'ira, ɗaya ya shiga tsakiya a matsayin ɗan akuyan da aka killace. Yana ba da waƙa, ana amsa masa, yana zagayawa yana gwada ƙarfin hannuwan da suka tsare shi. Idan ya gano inda riƙon ya yi rauni, sai ya ɓalle ya ruga wurin sha, sauran su rufa masa baya. Wasan na koyar da cewa ƙarfin da'ira yana ga hannun da ya fi kowane rauni.

Ɗan sanda da ɓarawo

Wannan nau'in zamani ne, kuma sananne ne a duk faɗin Nijeriya. Ana raba yara gida biyu. 'Yan sanda na kamo ɓarayi suna tarawa a wani wuri da aka keɓe a matsayin gidan yari. Ɓarawon da ba a kama ba yana iya lallaɓowa ya taɓa ɗan uwansa da ke tsare, ya 'yanta shi. Saboda haka dole 'yan sanda su raba aiki tsakanin masu farauta da masu gadi. Idan an kame kowa sai a yi musanya.

Langa

Langa ita ce ta fi sauran tsari da wahala. Kowane ɗan wasa yana lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya, ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, sai ya fita fili. Kowace ƙungiya na da ɗan wasa guda da ake kira ruwa, wanda burinsa ya kai wurin sha, yayin da 'yan uwansa ke ba shi kariya, suna bangaje abokan hamayya. Idan ruwa ya sha, ƙungiyarsa ta ci. Idan aka kayar da shi, damarsu ta wuce. A langa ake ganin gaskiyar cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin ruwa komai saurinsa ba ya kai labari shi kaɗai.

Langa ta wuce dandali. Tana cikin wasannin da Hukumar Wasannin Gargajiya ta Nijeriya ke kula da su, tare da dambe, kokawa, ayo da abula, kuma ana fafata ta a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. A gasa ana raba ta gida uku: ruwa, kawoshi da tureshi. A kawoshi ana ƙoƙarin janyo abokin hamayya zuwa ɓangarenka, a tureshi kuwa ana neman ture shi har ya faɗi ko ya saki ƙafa.

A sauran duniya

Wasu ƙasashe sun mayar da irin waɗannan wasanni sana'a. Kabaddi, wasan taɓa abokin hamayya a tsere gida, ya shiga Gasar Wasannin Asiya a 1990. Kho kho, wani wasan guje-guje na Indiya, ya samu gasar cin kofin duniya ta farko a birnin New Delhi a Janairun 2025. Wannan na nuna irin matsayin da langa za ta iya kaiwa idan ta samu masu horarwa da gasa a makarantu.

Amfani da kiyayewa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya tabbatar wa yaro 'yancin wasa. Majalisar ta kuma keɓe 11 ga Yuni a matsayin Ranar Wasa ta Duniya, aka fara bikinta a 2024.

Sai dai dandali na ƙara ƙanƙancewa. Gine-gine na cinye filayen unguwa, babura na ratsa lunguna, wayar salula da talabijin sun kama daren da a da na wasa ne. Inda aka rasa fili, yara kan koma bakin titi, kuma nan ne haɗarin yake.

Domin haka ya kamata a zaɓi fili mai yashi ko ciyawa, nesa da titi, rijiya da kwalbati, a share kwalabe da ƙusoshi. Da damina, wadda a Lafiya kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, a kula da santsi da ramukan da ruwa ya cika. A haɗa yara sa'o'in juna, musamman a langa inda ake ture-ture, a kuma tuna musu cewa wasa ba faɗa ba ne. Filayen makarantun firamare sun isa a raya dukkan waɗannan wasanni, muddin aka samu malami ko dattijon da ya san dokokinsu ya koya wa na baya.